Yadda Huhun Ɗan Tayi Ke Yin Rassa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa duba huhun ragon layya bayan an feɗe shi, ya ga farin bututun nan mai guringuntsi da ke shiga cikinsa, ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, har su ƙanƙance ido ya daina ganinsu. Na mutum ma haka yake. Tambayoyin da ke tafe a kan abu guda suke: yadda waɗannan rassa ke samuwa tun mutum yana ciki, da dalilin da ya sa bututun ba ya iya yin su shi kaɗai, sai da hulɗar sassa biyu: shimfiɗar cikinsa da naman da ke kewaye da shi.

Yaushe huhu ke fara samuwa, kuma daga ina yake fitowa?

Wajen ƙarshen mako na 4 da shigar ciki, lokacin da tsawon ɗan tayi bai wuce milimita 5 ba. A lokacin akwai wani bututu guda da ake kira hanjin gaba, wanda daga jikinsa ne maƙoshi da tumbi da hanta za su fito. A gefensa da ke fuskantar ƙirji sai wani ɗan toho ya ɓullo, ya rabu dama da hagu. Tohon nan biyu su ne huhu biyu. Bututun kansa kuma ya tsage a tsaye, na gaba ya zama bututun iska, na baya ya zama bututun abinci.

Tun a wannan mataki, umarnin daga waje yake zuwa. Naman da ke kewaye da hanjin yana fitar da furotin biyu, Wnt2 da Wnt2b, su ne ke sa ƙwayoyin sel na wannan gefe su kunna ƙwayar gado mai suna Nkx2.1, wadda ita ce alamar farko ta cewa nan huhu zai fito. A 2009 an nuna cewa ɓeran da aka cire wa furotin ɗin biyu ba ya yin huhu ko kaɗan, ko bututun iskar ma babu.

Yawancin rassan ana yin su ne daga mako na 5 zuwa kusan na 17. Daga nan aikin ya koma kan ƙarshen rassan: bangonsu ya yi siriri, jijiyoyin jini su matso kusa, sai daga baya a sami 'yan jakunkunan iska inda oksijin ke shiga jini. Su waɗannan jakunkuna akasarinsu bayan haihuwa suke samuwa, a shekarun farko na yaro. Wani ƙiyasi na 2004 ya ce baligi yana da kusan miliyan 480. Daga bututun iska zuwa gare su, hanyar tana rabuwa kusan sau 23, kamar yadda Ewald Weibel ya lissafa a 1963.

Waɗanne ne sassan biyu da ake cewa suna hulɗa?

Na farko shi ne shimfiɗar cikin bututun, jeri ɗaya na ƙwayoyin sel da suka manne da juna suka yi bango. Masana na ce mata epiteliyom. Ita ce ke lanƙwasa, ta yi toho, ta rabu. Na biyu shi ne naman kewaye, wato mesenkaim, ƙwayoyi ne sako-sako da suka lulluɓe bututun ta ko'ina. Daga wannan nama ne guringuntsi da tsokar hanyar iska da jijiyoyin jini ke fitowa daga baya. Tsakanin su biyun akwai wani siririn tantani na furotin da shimfiɗar ke zaune a kai, a can waje kuma akwai wata fata da ta rufe huhun gaba ɗaya, ita ma tana aiko da nata saƙon.

Idan ka duba huhun ɗan tayi a madubin ƙara girma, shimfiɗar ce ke ɗaukar ido, domin ita ke da siffa. Naman kewaye kamar ciko kawai yake. Gwaje-gwaje ne suka nuna cewa cikon nan shi ke riƙe da linzami.

Ta yaya aka gano haka, tun kafin a san ƙwayoyin gado sosai?

Da allura da ƙaramar wuƙa da haƙuri. Wannan ɓangaren tarihin shi ya fi burge ni, domin mutanen sun amsa babbar tambaya da kayan aiki kaɗan.

A 1933 Dorothea Rudnick, wata masaniya a Amurka, ta ciro tohon huhun ɗan tsako tun yana cikin ƙwai, ta dasa shi a kan tantanin wani ƙwan mai jijiyoyin jini domin ya ci gaba da rayuwa. Idan tohon yana tare da naman kewayensa, sai ya girma ya yi rassa. Idan an rabu da naman, sai ya tsaya cak.

Wani zai ce ai ƙila abinci kawai naman ke ba shi. Amsar wannan ta zo a 1962 daga Alescio da Cassini a Italiya. Bututun iska na ɗan tayin ɓera ba ya yin reshe, miƙaƙƙe ne har inda ya rabu biyu. Sai suka ɓare naman da ke jikinsa a wani gefe, suka ɗauko nama daga bakin tohon huhu suka liƙa a wurin. Bututun da bai taɓa yin reshe ba sai ga shi ya fitar da toho, tohon kuma ya ci gaba da rabuwa. A 1970 Norman Wessells na jami'ar Stanford ya maimaita wannan, ya kuma juya shi: ya ɗauko naman bututun iska ya sa a bakin tohon da ke tsaka da yin rassa, sai rassan suka tsaya. Ashe nama iri biyu ne, ɗaya yana cewa fito, ɗaya yana cewa tsaya, shimfiɗar kuma tana bin wanda ke kusa da ita.

John Shannon ya ƙara gaba a 1994 da huhun ɗan tayin gafiyar gwaji. Ya nuna cewa canjin bai tsaya ga siffa ba. Shimfiɗar bututun iska da aka haɗa da naman bakin huhu ta fara fitar da furotin da ƙwayoyin jakunkunan iska kaɗai ke fitarwa. Wato naman kewaye yana gaya wa shimfiɗa inda za ta lanƙwasa, yana kuma gaya mata abin da za ta zama. Sai dai wannan sassauci na ɗan lokaci ne. Idan tayin ya ƙara kwanaki, shimfiɗar ba ta ƙara sauraron sabon umarni.

To mene ne ainihin saƙon da naman kewaye ke aikawa?

Wanda aka fi sani shi ne furotin FGF10. A 1997 Saverio Bellusci da abokan aikinsa a ɗakin binciken Brigid Hogan suka ga cewa a huhun ɗan tayin ɓera, FGF10 yana taruwa a naman kewaye daidai gaban wuraren da sabon toho zai fito. Shimfiɗar tana da makarɓinsa, mai suna FGFR2b. A shekarar da ta biyo baya, a ɗakin binciken Wellington Cardoso, aka jiƙa ɗan ƙaramin dutsen ado da FGF10 aka ajiye kusa da huhun da ake reno a faranti. Tohon ya miƙe ya nufi dutsen har ya lulluɓe shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta zo a 1998 da 1999, daga rukunoni biyu a Amurka da Japan. Ɓeran da ba shi da FGF10 ana haifarsa da bututun iska wanda ya ƙare a toshe, babu huhu, kuma babu ƙafafu, domin furotin ɗin nan ne ke fitar da tohon gaɓoɓi ma. A mutane, wanda ya gaji kwafi ɗaya mai lahani na wannan ƙwayar gado yakan rasa cikakkun halittun da ke samar da hawaye da miyau, su ma ai ta hanyar rassa suke ginuwa.

Idan FGF10 yana cewa a girma, me ke hana bututun kumbura ta ko'ina ya zama buhu?

Shimfiɗar tana mayar da martani. Bakin tohon da ke girma yana fitar da furotin SHH zuwa cikin naman da ke gabansa, shi kuma SHH yana danne samar da FGF10 a wurin. Saboda haka da toho ya iso inda aka kira shi, sai ya kashe kiran da ke daidai gabansa. Abin da ya rage na FGF10 yana gefe biyu, dama da hagu, sai bakin ya faɗaɗa ya bi su, reshe ɗaya ya zama biyu. A ɓeran da ba shi da SHH, FGF10 yana bazuwa ko'ina, huhun kuma ya zama jakunkuna biyu marasa rassan kirki, bututun iska da na abinci ma ba su rabu daidai ba. An nuna wannan a 1998.

Akwai wasu birkunan. A cikin ƙwayoyin bakin toho, FGF10 da kansa yana kunna Sprouty2, wanda ke rage ƙarfin saƙon daga ciki. Furotin BMP4 ma yana taruwa a bakin toho, kuma a gwajin faranti an ga yana hana tohon miƙewa zuwa ga FGF10. Fatar da ta rufe huhu kuma tana fitar da FGF9, wanda ke sa naman kewaye ya yawaita, ya ci gaba da zama ɗanye mai iya aika saƙo. Idan babu FGF9, naman yana ƙaranci, huhun ya fito ƙarami.

Har yadda ƙwayoyin ke rabuwa yana cikin lissafi. A 2011 an nuna cewa ƙarfin saƙon da Sprouty2 ke ragewa ne ke daidaita ko ƙwayar sel za ta rabu ta tsawon bututu ko ta faɗinsa. Idan saƙon ya yi yawa, bututun ya fito gajere mai faɗi.

Rassan barkatai suke fita, ko da tsari?

Da tsari, fiye da yadda aka zata. A 2008 Ross Metzger da Mark Krasnow da abokan aikinsu suka bi huhun ɗaruruwan 'yan tayin ɓera, suka zana taswirar rassa fiye da 5,000, kowane da uwarsa da lokacin fitarsa. Sun sami salo uku kacal. Akwai wanda toho ke jeruwa a jikin babban reshe, layi bayan layi, shi ke kafa ginshiƙin kowane sashe. Akwai wanda bakin reshe ke rabuwa biyu a shimfiɗe, sau da sau, shi ke yin siraran gefunan huhu. Akwai kuma wanda bakin ke rabuwa biyu, rabuwa ta gaba ta juya da digiri 90, shi ke cike tsakiya da fuskar huhu. Ana maimaita salon ukun nan a jere daban-daban, kuma taswirar kusan ɗaya ce daga ɓera zuwa ɓera.

A mutane ma manyan rassan kusan iri ɗaya ne, shi ya sa likitan tiyata ke iya kiran kowane da suna. Amma wani bincike na 2018 da ya duba hotunan ƙirjin dubban mutane a Amurka ya sami kusan ɗaya cikin huɗu da bambanci a rassan ƙasan huhu, wani da ƙarin reshe, wani da rashin guda. Rashin wani reshe a huhun dama ya zo tare da bambanci a ƙwayar gadon FGF10, kuma bambance-bambancen suna da alaƙa da yiwuwar kamuwa da cutar toshewar hanyar iska a manyanta.

Me ya sa huhun dama yake da sashe uku, na hagu biyu?

Ana yawan cewa zuciya ce ta ci wurin. Gaskiya zuciya ta karkata hagu, amma bambancin an riga an rubuta shi tun kafin huhun ya girma har ya gamu da ita. Tun farkon tayi, gefen hagu yana kunna ƙwayoyin gado Nodal da Pitx2 a naman kewaye, gefen dama ba ya yi. Ɓeran da ba shi da Pitx2 yana yin huhu biyu masu siffar na dama. Shi lafiyayyen ɓera sashe huɗu yake da shi a dama, ɗaya a hagu.

Ke nan FGF10 ya gama bayanin komai?

A'a, kuma ina ganin littattafan karatu sun yi gaggawar rufe maganar. Bayanin cewa FGF10 yana tsayawa a wuri ɗaya yana kiran toho yana da daɗin koyarwa, amma akwai sakamakon da bai shiga cikinsa ba.

Tun 1995 Nogawa da Ito a Japan suka nuna cewa shimfiɗar huhu da aka raba da naman kewaye tana iya yin rassa idan an sa ta cikin wani kauri na furotin aka zuba mata FGF, wato wani furotin dangin FGF10, a ko'ina daidai wa daida. Babu wurin da saƙon ya fi yawa, amma rassa sun fito. A 2013 Thomas Volckaert da Stijn De Langhe suka ɗauki ɓeran da ba shi da FGF10, suka sa jikinsa ya samar da furotin ɗin a ko'ina, ba a tabo-tabo ba. Huhu ya fito, ya kuma yi rassa kusan yadda ya kamata. Abin da suka fahimta shi ne babban aikin FGF10 shi ne riƙe ƙwayoyin bakin toho a matsayin ɗanyu masu ci gaba da haihuwa, kada su yi saurin zama cikakkun ƙwayoyin hanyar iska.

To daga ina wurin reshe ke fitowa? Wasu masu lissafi, irin su Dagmar Iber a ƙasar Suwizalan, sun koma ga ra'ayin Alan Turing na 1952: idan abu biyu suna bazuwa da sauri daban-daban, ɗaya yana ƙarfafa ɗaya, ɗayan yana danne shi, tabo-tabo za su ɓullo da kansu ko da an fara da komai daidai. Lissafinsu da FGF10 da SHH da makarɓansu ya fitar da siffofi masu kama da rassan gaske. Wasu kuma suka juya ga ƙarfin jiki zalla, wato matsi da ja da tauri.

Wane irin ƙarfi ne ke aiki a huhun da bai fara numfashi ba?

Huhun ɗan tayi ba a saɓe yake ba, cike yake da ruwa. Ruwan kuma huhun ne ke yin sa: shimfiɗar tana tura sinadarin kuloraid cikin bututu, ruwa ya biyo shi. Maƙogwaro yana riƙe ruwan, yana sakinsa kaɗan-kaɗan, don haka matsin cikin huhu ya ɗan fi na ruwan faya. Wannan ɗan bambanci shi ke buɗe huhun yana miƙar da shi.

A 1977 Alcorn da abokan aikinsa a Ostireliya suka gwada wannan a tayin tunkiya. Wanda aka ɗaure wa bututun iska, ruwa ya taru, huhunsa ya yi girma fiye da kima. Wanda aka tsiyaye wa ruwan, huhunsa ya tsumbure. A huhun ɓera da ake reno a faranti ma, toshe bututun iska yana ƙara yawan rassa, kuma a 2017 ɗakin binciken Celeste Nelson a jami'ar Princeton ya nuna cewa matsin yana saita saurin fitar rassa ba tare da ya canja wurarensu ba. Ɗan tayi kuma yana motsa ƙirjinsa kamar mai numfashi tun wajen mako na 10 ko 11, kuma dabbar da aka yanke wa jijiyar da ke motsa tantanin da ya raba ƙirji da ciki tana zuwa da ƙaramin huhu.

Sai maganar tsoka. Wasu ƙwayoyin naman kewaye suna zama lallausar tsoka, irin wadda ba ta bin umarnin mutum, su naɗe bututun. A 2015 rukunin Nelson ya ga tsokar tana fara ɓullowa daidai tsakiyar bakin toho kafin ya rabu, kamar a ɗaura igiya a kan buhun da ake cikawa, sai ya kumbura ta gefe biyu. Da suka hana tsokar samuwa da magani, rabuwar ta lalace. Amma a 2020 rukunin Xin Sun ya cire ƙwayar gadon da ke kammala wannan tsoka a huhun ɓera, rassa kuma suka fito lafiya. Muhawarar ba ta mutu ba. Masu ra'ayin farko sun amsa cewa ƙwayoyin da ba su gama zama tsoka ba ma suna da taurin da zai matse bututu. Ni dai abin da na ɗauka shi ne huhu yana da hanya fiye da ɗaya ta cimma rabuwa, shi ya sa cire abu guda ba kullum yake rushe ginin ba.

A cikin tsagar da ke tsakanin sababbin rassa biyu kuma, furotin faibronektin yana taruwa ya kafe wurin, alhali tantanin da ke bakin toho yana yin siriri domin ya ba da hanya.

Abin da aka gani a ɓera, haka yake a mutum?

Ginshiƙin ɗaya ne, amma akwai bambancin da bai kamata a raina ba. A ɓera, ƙwayoyin bakin toho suna ɗauke da furotin Sox9, na jikin reshe suna ɗauke da Sox2, ba sa haɗuwa. A 2017 da 2018, rukunin Emma Rawlins a Kambirij da na Denise Al Alam a Los Anjalas suka ga cewa a mutum ƙwayoyin bakin toho suna ɗauke da duka biyun a lokacin yin rassa. Rukunin Al Alam ya kuma ba da rahoto a 2019 cewa zuba FGF10 a kan yankin huhun ɗan tayin mutum bai ƙara rassa ba kamar yadda yake yi a ɓera, sai dai ya sa bakunan su kumbura. Duk mai son ya ɗauko magani daga binciken ɓera ya kai wa jariri, dole ya tsaya a nan ya yi tunani.

Sauran halittu ma kowace da dabararta. A ɗan tsako, ƙwayoyin shimfiɗa suna tsuke kawunansu su lanƙwasa bango da kansu, rassan kuma daga baya su haɗe bakinsu, shi ya sa iska ke ratsa huhun tsuntsu ta hanya ɗaya. A wani ƙadangare na yankin Karibiyan, an nuna a 2021 cewa tsoka tana yin raga a jikin huhun, matsin ruwa ya tura shimfiɗa ta cikin ramukan ragar. Ƙuda ba shi da huhu, amma bututun iskarsa suna yin rassa da saƙon FGF, kuma a jikinsa aka fara gano Sprouty a 1998.

Me ke faruwa idan wannan hulɗa ta sami matsala a jariri?

Abin da ya sa maganar ta wuce ɗakin bincike shi ne ƙofar yin rassa tana rufewa. Lynne Reid a Landan ta nuna tun farkon shekarun 1960 cewa rassan da ke kai iska suna kammala wajen mako na 16. Reshen da bai fito ba a lokacin, ba zai fito daga baya ba, kuma duk jakunkunan iskar da za su rataya a jikinsa an rasa su.

Misali mafi bayyana shi ne ɓulewar tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wadda ke samun kusan jariri ɗaya cikin 3,000, galibi a hagu. Hanji da tumbi, wani lokaci har hanta, su hau ƙirji su danne huhu. Jaririn yana zuwa da rassa kaɗan da jijiyoyin jini masu kauri. Gwaji a gafiya ya nuna cewa huhun yakan fara tsumburewa tun kafin hanjin ya hau, wato matsalar tana cikin naman kewaye tun asali, dannewar ƙari ce. Daga gwajin tunkiyar nan na Alcorn aka sami dabarar sa ɗan balan-balan a bututun iskar ɗan tayi domin ruwa ya taru ya buɗe huhun. A gwajin da Jan Deprest na Beljiyam ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2021, cikin masu ɓulewa mai tsanani a hagu kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun rayu, a kan kashi 15 na waɗanda ba a yi wa ba. Amma fashewar faya da haihuwa kafin lokaci sun ƙaru sosai. Ana sa balan-balan ɗin ne a mako na 27 zuwa 29, bayan an gama manyan rassa, don haka ƙarshen huhun yake faɗaɗawa.

Ƙarancin ruwan faya ma yana tsumbure huhu. Edith Potter ta bayyana wannan a 1946 a jariran da aka haifa babu ƙoda. Fitsarin ɗan tayi shi ne yawancin ruwan faya a rabin ciki na biyu, idan babu shi ƙirji ya matsu, ruwan huhu ya tsiyaye. Haka ma idan faya ta fashe tun ciki yana wata huɗu ko biyar. Akwai kuma jariran da bututun iska da na abinci ba su rabu daidai ba, alamarsu kumfar miyau da shaƙewa da zarar an ba su nono, kuma tiyata tana gyara shi idan an gane da wuri.

Bakwaini da ke wahalar numfashi, rassansa ne ba su cika ba?

Rassansa sun cika. Abin da bai nuna ba shi ne ƙarshensu. Bangon yana da kauri, jijiyoyin jini ba su gama matsowa ba, kuma babu isasshen safaktan, wani abu mai maiƙo da ke hana jakunkunan iska mannewa idan an fitar da numfashi. Mary Ellen Avery da Jere Mead ne suka danganta rashinsa da wannan ciwo a 1959. Yana fara samuwa wajen mako na 24, ya wadata wajen na 34 zuwa 35.

Nan ma hulɗar ce ke aiki, domin ƙwayoyin naman kewaye suna cikin masu karɓar saƙon sinadarin kotisol su taimaka wa shimfiɗa ta nuna. Graham Liggins ya lura da tasirin irin wannan sinadari a tayin tunkiya a Niyu Zilan, kuma a 1972 shi da Ross Howie suka nuna cewa allurarsa ga uwa kafin haihuwar bakwaini tana ceton jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurar dekzametason a asibitoci 29 na Najeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangaladash, sakamakon ya fito a 2020: mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin 100. Sharaɗin shi ne a asibitin da zai iya tantance watannin ciki ya kuma kula da jaririn ake yi. Wani gwaji na 2015 da ya baza allurar har ƙananan wuraren haihuwa ya sami ƙarin mutuwa maimakon raguwa.

Akwai abin da mai ciki za ta iya yi?

Yawancin lahanin da aka ambata ba laifin uwa ba ne, kuma ina so a riƙe wannan da kyau, domin mata da yawa suna ɗaukar nauyin da ba nasu ba. Amma akwai abubuwan da ke hannu.

Bitamin A yana cikin ginin tun ranar farko, domin daga shi jiki ke yin sinadarin da ke ba naman kewaye damar kunna FGF10. Tun 1953 aka ga 'ya'yan gafiyar da aka hana wa bitamin A suna zuwa da huhu maras cika ko babu shi. A Nepal, yaran da aka ba uwayensu ƙarin bitamin A a yankin da ake ƙarancinsa sun nuna ɗan fifikon ƙarfin huhu suna shekara 9 zuwa 13, kamar yadda aka wallafa a 2010. Manja, karas, zogale, alayyafo, mangwaro da ƙwai sun isa hanya. Yawansa kuma guba ne ga ɗan tayi: jan ƙwanson nan mai ƙarfi da ake ɗiga wa yara a lokacin rigakafi ba na mai ciki ba ne, haka maganin ƙurajen fuska mai suna aisotiretinoyin.

Hayaƙi shi ne na biyu. Nikotin yana ratsa mabiyiya, kuma 'ya'yan masu shan taba suna zuwa da hanyoyin iska matsattsu. Hayaƙin murhu ya fi shafar gidajenmu. A Kintampo ta ƙasar Gana an auna hayaƙin da masu ciki ke shaƙa wajen girki, aka kuma auna numfashin jariransu suna wata ɗaya, sai aka ga inda hayaƙin ya fi yawa aikin huhun ya fi rauni. Girki a fili ko a madafa mai tagogi, da busasshen itace, da karɓa wa mai ciki girki idan da hali, duk suna rage abin da take shaƙa. Zuwa awo da wuri da yin hoton ciki wajen wata na biyar kuma su ke nuna ƙarancin ruwan faya ko ɓulewar tantani tun da sauran lokacin shirya inda za a haihu. Zubar ruwa kafin lokaci, ko kaɗan ne, maganar asibiti ce a ranar.

Za a iya gina huhu a ɗakin bincike da wannan ilimi?

An kai ga ƙananan abubuwa. Masu bincike suna ɗaukar ƙwayoyin sel na asali, wato waɗanda ke iya zama kowane irin nama, su bi da su ta matakan da ɗan tayi ke bi, su ba su Wnt da FGF da sinadarin bitamin A a kan lokaci, har su kunna Nkx2.1. Abin da ke fitowa 'yan dunƙule ne masu toho, da ake amfani da su wajen nazarin cututtukan gado da ƙwayoyin cutar numfashi, har da korona. Rassansu ba su da tsarin nan na salo uku, ba su da bututu guda da za a hura wa iska, jijiyoyin jini kuma ba su bi su ba. Shimfiɗar ce aka fi iya renonta. Naman kewaye na huhu, mai ƙwayoyi iri-iri da kowanne ke zaune a wurinsa, shi ne ya fi wuyar samarwa, kuma a kansa rukunoni da dama suka mayar da hankali yanzu, tare da na'urorin da ke ba dunƙulen matsin ruwa irin na cikin mahaifa.